Injin Doki Arba'in da Jirgin Tsohonmu

Ranar sunan 'yar ɗana Nasiru, a gidansa na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, ina zaune a tabarma ɗaya da yayana Manu sai ga jikokina sun shigo a guje suna ihu, wai ga Kaka Kifau, yaushe zai sake kifar da jirgi su zo kallo. Kowa ya yi dariya, har shi Yaya Manu, ya ɗaga hannun nan nasa na dama mai yatsu biyu da ba su lanƙwasuwa yana yi musu barazana. Wasan jika da kaka ne, ba mai hana shi. Amma ni ban yi dariya ba. Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar ana cewa Baba Manu ne ya kifar da jirgin kakanku, kuka ɗauka, kuka miƙa wa naku 'ya'yan, ni kuwa ina ji ina gani shekara da shekaru ban ce uffan ba. To ba haka aka yi ba. Da taimakon Allah yau zan faɗa muku yadda aka yi, tun ina da bakin faɗa.

Gidanmu na asali yana bakin gulbi, ƙasa da Argungu kaɗan, kuma mu masunta ne tun kakanni. Mahaifinmu, wanda duk gidan muke kira Tsoho, yana da jirgi guda na katakon maɗaci da ya haɗa da hannunsa tun kafin a haife ni. Dogo ne siriri, mai tsini gaba da baya, irin wanda gwangwala ɗaya ke turawa ya ratsa ciyawa ba ƙara. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Yaya Manu mutum ne mai sanyi, sai ya yi wuni bai yi magana goma ba, amma ya san gulbin nan kamar tsakar gidanmu: inda rairayi ke taruwa, inda tsohon gungume ya nutse, inda tarwaɗa ke kwanciya in zafi ya yi. Ni kuwa Ummaru Rediyo ake ce mini, kuma ba don ina da rediyon ba. Da yana ta rufe idon Tsoho ya daina shiga ruwa, sai ya kira mu zaure ya damƙa mana jirgin.

"Jirgin ga guda na, ku ko ku biyu na," in ji shi. "In dai ina numhwashi, kar in ji an ce kun rabu."

Muka ce to. Shekaru kaɗan muka yi lafiya, sannan kifi ya fara yi mana nisa. Tafkunan kusa duk an kewaye su da shinkafa, sai an gangara can wajen fadamar Gulma ko gaba kafin a sami na kirki. Da gwangwala da filafili, kafin mu je mu dawo rana ta take, ƙarfasa ta fara laushi, masu saye sun watse. Maƙwabtanmu biyu da suka ɗaura inji kuwa sai su wuce mu a hanya suna ɗaga mana hannu, su kai kifinsu yana motsi. Wata rana muna ɗinkin koma a gindin bishiya Yaya Manu ya yi maganar da na daɗe ina tsoro, bai ko ɗago kai ba.

"Ummaru, in wagga shekara ta yi kama da bara, ni Zauro za ni. Surukina ya ce akwai hwadama in ina so."

Na tsorata. Ba don maganar Tsoho kaɗai ba. Ni ban taɓa shiga ruwa ba shi ba, kuma duk cika bakin da nake yi a bakin gulbi, na san da idonsa nake gani. In ya kwashe iyalinsa ya tafi, rabin gidanmu ya zama kango, Tsoho kuma ya ƙare kwanansa yana jin shirun ɗakunan. Nan na ƙudura cewa ko ta wace hanya sai mun ɗaura inji a shekarar nan. Muka sayar da bijimin da muka yi shekara biyu muna kiwo, muka haɗa da albasar da muka noma, abin ya isa. Kafin a tafi saye, Yaya Manu ya ɗauki gwangwala ya shiga ruwa ya nuna mini inda yake tsayawa a rani, ya auna tsayin bayan jirgi da taƙi, ya yanke magana gajeriya kamar yadda ya saba.

"Doki goma sha biyar, mai gajeruwar ƙahwa. Gulbinmu ba Kwara ba na."

Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, ƙarfin inji da doki ake faɗarsa, ƙafa kuwa ita ce sandar da ke sauka cikin ruwa, wadda farfela ke juyawa a ƙarshenta. Da tare za mu tafi Birnin Kebbi, sai zazzaɓi ya kwantar da shi ranar. Da na jira kwana uku da ba a yi wannan babi ba. Amma ni da jira ba mu taɓa shiri ba, na ɗaura kuɗin a ƙugu na hau mota.

Mai sayar da injin jirgi a lokacin wani mutumin kudu ne, Emeka, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har in yana magana a bayan labule ka rantse Bakabe ne. Na shiga rumfarsa da niyyar sha biyar, Allah Ya sani. Sai na tarar da wasu mutanen Yawuri biyu, masu manyan jiragen fito a Kwara, suna duba wani jibgegen inji mai doki arba'in, na hannu amma yana sheƙi. Da suka ji abin da na zo nema sai ɗaya ya dubi ɗan'uwansa ya yi murmushi, ya ce sha biyar ai a wurinsu shi ake ba yara su koyi tuƙi. Wannan murmushin shi ya ci bijiminmu. Nan take na ji a raina cewa in zan tsare yayana a gulbi, to da abin da duk Argungu za ta tsaya kallo zan tsare shi. Na dafa babban injin na ce a faɗi kuɗinsa. Emeka bai yi saurin murna ba, ya jawo mini benci.

"Malam Ummaru, zamna tukuna. Jirginka ƙahwa nawa na? Bayanai tsini na ko allo? In rani ya yi, ruwa ina yaka kai maka?"

Na faɗa masa, ina ƙara wa jirgin faɗi, ina ƙara wa gulbin zurfi. Ya girgiza kai.

"Ni ɗan kasuwa na. In kac ce babba, babba za ni ba ka, ribatai ta hi. Amma wanga ƙahwatai doguwa ta, ta ruwan Yawuri ta. Gulbinku in ya ja baya, noma za ka yi da shi ba tuƙi ba. Gobe ni za ka zaga."

Na ce masa ni na san gulbina. Da ya ga na toshe kunne sai ya bari, amma ya zaunar da ni ya koya mini abin da ya iya. Ya nuna mini farfela iri biyu: mai kunnuwa a miƙe ta gudu ce da jirgi marar kaya, mai kunnuwa a kwance kuwa ta jan nauyi ce, ba ta sauri amma ba ta wahalar da inji. Na zaɓi ta gudu, ba sai na faɗa muku ba. Daga nan ya zubo mini wasu 'yan ƙusoshi masu laushi a tafin hannu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Su ake kira fin, su ke riƙe farfela a jikin ƙafar inji.

"Wanga don shi karye anka yi shi," in ji Emeka. "In farfela ta bugi icce ko dutsi, shi ka karyewa, inji shi tsira, jirgi shi tsira. In ya karye kar ka ji haushi, ka sa wani. In sun ƙare ka zaka in ba ka."

Da aka sauke injin a ƙofar gida, mutum huɗu suka kama shi. Yaya Manu ya fito da bargo a kafaɗa, ya zagaya shi sau ɗaya, ya auna ƙafar da taƙinsa, ya dube ni. Na yi ta zuba, ina cewa ai gara a sayi abin da za a daɗe ana mora. Bai ce mini komai ba sai "Allah Shi sa albarka," ya koma ɗaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari aka kira kafinta, don inji ba ya zama a kan tsini, dole a yanke bayan jirgi a buga allo. Tsoho yana zaure ya ji kukan zarto.

"Mi aka yankewa?"

"Wutsiyar jirgi ta, Baba, kaɗan na," in ji ni.

Sai ya ce a kawo masa guntun da aka yanke. Ya ajiye shi a gefen shimfiɗarsa, yana nan har ya rasu.

Kada ku ce injin bai yi mana rana ba. Lokacin ruwa ya cika fadama, gulbi ya batse har ba a gane bakinsa, kuma wata biyu zuwa uku ba wanda ya kai mu. In na ja igiya ya ɗauka, har tsuntsayen shinkafa sai sun tashi. Hancin jirgin yakan ɗaga sama, dole Yaya Manu ya zauna can gaba da buhun rairayi don ya danne shi, kuma fetur yake sha kamar raƙumi ya sami rijiya, amma tafiyar wuni ta koma ta hantsi. Mukan kai giwan ruwa kasuwa yana numfashi. Matan gida suka fara sa nama a miya ba ranar salla ba, maganar Zauro kuma ta kwanta. Ni kuwa Rediyo sai abin da ya ƙaru, kaina ya yi girman da hula ba ta zama.

Sai ruwa ya fara ja da baya, kamar yadda yake yi kowace shekara tun da Allah Ya yi gulbin, ni kaɗai ne na yi kamar ban san zai yi ba. Ƙafar injin ta fara shan ƙasa. Mu ɗan taɓa rairayi, fin ya karye, injin ya yi ta kururuwa jirgi na tsaye. Sai in tuɓe in shiga ruwa in kwance farfela in sa wani. Akwai ranar da na canza huɗu kafin azahar. Maƙwabtan nan namu masu ƙananan injuna sai su zo su wuce ta gefenmu salin alin, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ummaru, dawakin sun gaji? A ba su dusa mana!" Yaya Manu ya ce mu cire injin mu koma gwangwala har ruwa ya dawo, ko mu kai wa Emeka ya musanya mana da ƙarami. Wannan ita ce shawarar hankali, amma a kunnena sai ta zama kamar an ce in tsaya a kasuwa in yi shelar cewa ni wawa ne. Da ƙusoshin fin ɗin da Emeka ya ba ni suka kusa ƙarewa, ban koma wurinsa ba. Na ɗauki guda na kai wa wani maƙeri a wani ƙauye inda ba a san ni ba, na ce ya ƙera mini irinsa da ƙarfen sifirin ɗin mota, wanda ko guduma ba ta lanƙwasa shi. Shi bai san na mene ne ba, ya yi aikinsa ya ba ni.

Mahaifiyarku Hajo ce ta tsince shi a aljihuna za ta yi wanki.

"Malam, wagga ƙusa hwa?"

"Maganin wulaƙanci ta," na ce mata, har na yi mata bayani ina alfahari da dabarata.

"Yaya ya sani?"

"Maganar inji ba ta mata ba ta."

Ta miƙo mini. Na sa shi da sassafe kafin Yaya Manu ya iso bakin gulbi. Sati uku muka yi ko sau ɗaya ban shiga ruwa ba. In mun taɓa rairayi sai injin ya yi gurnani ya haƙa ya wuce, ni kuma in dubi masu tsokanata in yi musu murmushi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, muna dawowa daga wajen Gulma jirgi cike da tarwaɗa, irin kamun da ba mu yi ba tun farkon rani. Ina gaba ina ware kifi, na ce Yaya Manu ya riƙe hannun injin. Yana tafe a hankali yadda ya saba, sai na hango jirgin maƙwabcinmu zai cim mana, na waiwaya na daka masa tsawa ya buɗe wuta. Ya ce akwai tsohon kututturen giginya a wajen nan kuma ruwa ya ragu. Na ce in ma mun taɓa ai ba abin da zai faru. Shi a saninsa iyakar abin fin ya karye mu tsaya, sai ya murɗa don ya huta da bakina. Ƙarar da na ji har yau takan dawo mini. Farfela ta sari kututturen, ba abin da ya karye a inda ya kamata ya karye, sai injin gaba ɗaya ya yi tsalle, hannun injin ya maka yatsun Yaya Manu a jikin katako, allon baya ya ɓalle, tsaga ta bi cikin jirgin kamar an fasa rake. Kafin in miƙe mun kife. Ruwan iyakarsa ƙirji, ba wanda zai nutse, amma ina tsaye ina kallon kifinmu yana komawa inda ya fito, jirgin Tsoho ya juya ciki sama, yayana kuma ya riƙe hannu jini na bin gwiwarsa. Jirage uku suka taru a kanmu, kuma duk wanda ke wurin ya ga wanda ke riƙe da inji.

Labari ya riga mu isa gida. Muka tsaya gaban Tsoho a zaure, tufafinmu na ɗiga.

"Wa ar riƙe da shi?"

"Ni na, Baba," in ji Yaya Manu.

"Manu? Kai da nis sani da natsuwa?"

Iyakar abin da Tsoho ya ce ke nan, ya juya fuska bango. 'Ya'yana, maganar tana bakina. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki na dubi mutanen da suka cika ƙofar zaure, waɗanda na yi wata uku ina yi wa burga, sai na rufe. Ni da ake kira Rediyo, ranar da magana ta wajaba a kaina ranar na yi shiru. Ban taɓa yin abin da nake jin kunyarsa kamar wannan ba, har sayen injin da ƙera fin ɗin ban ɗauke su a bakin komai ba in aka gwada da shi. Maɗori ya ɗaure hannun, yatsu biyu ba su koma daidai ba. Kafin sati ya zagayo samarin bakin gulbi sun laƙa masa Kifau, kafin wata ya cika ya kwashe iyalinsa zuwa Zauro. Abin da na sayi injin don in hana, da hannuna na jawo shi.

Gidan ya yi shiru irin wanda na ji tsoro. Tsoho ya rage cin abinci. Hajo ba ta tona ni ba, ba ta kuma yi mini gori ba, amma wata rana tana ajiye mini tuwo ta tsaya.

"Ni ba ni hwaɗa ma kowa, Malam. Amma kullum in za ni ɗora tukunya sai in auna har da na ɗiyan Yaya, sannan in tuna in rage. Ka gaya mani har yaushe za ni ragewa."

Tuwon nan ban ci shi ba. Da gari ya waye na ɗauki injin a mota na kai wa Emeka. Ya kwance ƙafar, haƙoran giyar injin suka zubo kamar tsakin masara. Ya sa guduma ya fitar da fin ɗin, yana nan a miƙe kamar ranar da aka ƙera shi. Ya juya shi, ya dube ni, ya kama hannuna ya sa mini shi a tafi ya rufe da yatsuna. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma saboda wannan na riƙe shi aboki har ya koma garinsu da tsufa. Ya ce kan injin lafiyarsa lau, akwai mai jirgin fito a Yawuri da ke neman irinsa, in na yarda a gyara ƙafar a musanya mini da sha biyar, in zaɓa a cikin uku da ke rumfar. Na ce masa na yarda da musanya, amma zaɓe na gama yinsa a rayuwata, mai zaɓen yana Zauro.

Na same shi a fadama yana ba shinkafar rani ruwa, hannun a naɗe da tsumma, yana riƙe fartanya da hagu. Muka gaisa, ya tambayi Tsoho. Na ciro fin ɗin na miƙa masa, na faɗa masa komai tun daga murmushin mutumin Yawuri, ina faɗa ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya saurara har na gama, ya gwada lanƙwasa ƙarfen da haƙori, ya yi 'yar dariya.

"Ummaru, ai na sani. Tun da munka yi sati ba ka shiga ruwa ba nis san ka yi wani abu. Na so in tambaye ka, sai nig ga kana murna, nib bari. Kuma da kac ce in buɗe wuta, ai hannuna na, ina iya ƙiyawa."

Na ce to mu tafi gida yanzu in faɗa a gaban Tsoho da duk wanda ke da kunne. Nan fuskarsa ta canza.

"Ba ka yi. Idonai ya tahi, jirginai ya hwashe. In ya ji autanai ya tsaya gabanai ya yi shiru anka ɗora ma wani, mi yar rage mai? Ni ya riga ya yi hushi da ni ya huce. Bar shi hakanan."

Na roƙe shi ya dawo, ya ce shinkafarsa tana ƙasa, ba ya barin ta. Amma ranar kasuwa ta biyu sai ga shi a rumfar Emeka, da wata igiya mai ƙulli biyu a aljihu: ƙulli ɗaya tsayin sabon allon da za a buga wa jirgin, ɗaya zurfin gulbinmu a tsakiyar rani. Ya bi injunan uku yana gwada igiyar a ƙafarsu, ya sa aka tayar da kowanne a cikin durom na ruwa, ya kara kunne ya saurara. Ya ɗauki wanda ya fi su tsufan fenti, don shi ne muryarsa ba ta rawa. Farfela kuwa biyu ya ce a ba mu, mai kunnuwa a kwance ta ranar kaya, da matsakaiciya ta ranar da jirgi ba nauyi, ta gudun nan ko kallonta bai yi ba. Emeka yana ta washe baki yana cewa da wannan aka aiko tun farko da bijimi bai mutu a banza ba. Ni dai ina gefe riƙe da ledar fin, an ba ni aikin da ya dace da ni.

Kafinta ya cire katakon da ya tsage ya ɗinke sauran, jirgin ya rage tsawo da kamu ɗaya amma ya tashi. Ranar da aka mayar da shi ruwa, bayan Yaya Manu ya yanke shinkafarsa, Tsoho ya ce a kai shi. Muka riƙo shi har cikin jirgi muka zaunar a tsakiya. Bakin gulbi cike da 'yan kallo, na ja igiya injin ya ɗauka, sai na matsa gefe na ce Yaya ya karɓa. Wani ya yi ihu daga tudu cewa za a sake ba Kifau, a fito da goran iyo. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, in ba shi ya riƙe ba ni ma sauka zan yi. Ya karɓa da hannun nan mai ciwo, muka ratsa ta kan rairayin da ya sha tsayar da ni, ko gezau. Tsoho ya dafa gefen jirgin da tafinsa yana jin yadda katako ke amsawa, can ya gyaɗa kai.

"Wanga na daidai. Wanga ba shi yi ma jirgi tsawa. Wa yaz zaɓe shi?"

"Yaya na, Baba."

"Awo," in ji shi. "Na san hakanan."

A hanyar dawowa muka taɓa wani icce fin ya karye, na tuɓe na faɗa ruwa ina dariya, ban taɓa jin daɗin canza fin kamar ranar ba. Yaya Manu bai bar Zauro gaba ɗaya ba, ya riƙa noma can yana kamun kifi nan, iyalinsa suka dawo, gidanmu ya zama mai shinkafa da kifi a tukunya guda, Hajo ta daina rage awo. Tsoho ya yi shekara huɗu bayan haka ya rasu muna jirgi ɗaya. Ni kuma na riƙa zama wurin Emeka ina koyo, har na buɗe tawa rumfar a Birnin Kebbi, wadda da ita na yi muku makaranta. Har yau duk masuncin da ya shigo yana nuna babban inji, benci nake jawo masa in tambaye shi tsawon jirginsa, da nauyin da yake ɗauka, da inda ruwa ke kai masa a rani.

Za ku ce to bayan Tsoho ya rasu me ya hana ni magana. Ba komai sai son girma. Na riga na yi suna a matsayin wanda ya san inji, na ga in na tona wa kaina asiri masu saye za su yi dariya, Yaya Manu kuma bai taɓa tayar da zancen ba, sai na fake da haƙurinsa. Ranar sunan nan, da yara suka watse, na matsa kusa da shi na ce zan rubuta.

"Kai dai ba ka iya shiru sai inda bai kamata ba," in ji shi. "Rubuta. Amma ɗiyan ga kar ka hana su wasa da ni, ina jin daɗinsu."

To ban hana ba. Ku je ku gaishe shi a Zauro, ku kama hannun nan nasa ku duba shi da kyau, ku san abin da ya ɗauka don gidanmu ya zauna. Fin ɗin maƙerin yana cikin gwangwanin da ke kan kantata, duk mai so ya zo ya gwada lanƙwasa shi. Wanda ya kifar da jirgin kakanku shi ne mai wannan rubutu. In jikokina suna neman Kaka Kifau na gaskiya, ku nuna musu rumfata, ina nan kullum daga hantsi har la'asar.